Tafiya huɗu da biza ɗaya: lamarin wani mai ƙera wasannin waya daga Sakkwato

Asalin lamarin

Matashin da wannan nazari ya shafa haifaffen cikin garin Sakkwato ne. Ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama hidimar ƙasa, ya dawo gida babu aikin gwamnati babu na kamfani. Na san shi ne a ɗan wurin da nake koyar da kwamfuta da yamma, inda yake zuwa ya rakuɓe kusa da soket saboda muna tayar da janareta. Ya yarda in rubuta labarinsa, har ya buɗe mini littafin da yake rubuta abin da ya kashe, da sharaɗin kada in kama sunansa.

Abincinsa yana fitowa ne daga shagon kawunsa a kasuwar waya: ya sa wa wannan manhaja, ya buɗe wa wancan wayar da ta kulle, ya tura karatu da wa'azi a memori. Idan dare ya yi sai ya buɗe wata tsohuwar laftof ta hannu ya kama abin da ransa ke so, wato haɗa gem. Da manhajar Unity ya koya, daga bidiyoyin da yake saukewa cikin dare lokacin da data ke da sauƙi. Zuwa tsakiyar 2022 ya kammala wasansa na farko, ɗan kabu-kabu da ke gudu a titi yana kauce wa ramuka da motoci yana tsintar kuɗi. Abokansa sun karɓa ta Xender, sun buga kwana biyu, sun goge saboda ya cika musu waya.

Damuwarsa a lokacin ita ce kaɗaici. Duk garin bai san mutum ɗaya da ke wannan sana'a ba. Idan aiki ya cije, babu wanda zai tambaya. Kamfanonin da yake jin labarinsu, irin su Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, suna Legas. Manyan tarukan duniya kuwa sai a hoto: GDC da ake yi a San Faransisko ta Amurka cikin Maris, Gamescom a birnin Kolon na Jamus cikin Agusta, Africa Games Week a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu. Daga nan ya yanke wa kansa cewa abin da ya rage masa shi ne ya je inda mutanen suke, ya nuna wasansa, wani mai kuɗi ya gani ya zuba jari. A kan wannan tunani ya gina shekaru biyu da suka biyo baya.

Oktoba 2022: Legas, karo na farko

Ta mota ya tafi wani taron masu haɗa gem. Daga Sakkwato zuwa Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, a haye gadar Jebba, Ilori, Ibadan, sannan Legas. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000, ta ci masa yini da kwana, laftof ɗin tana kan cinyarsa tun daga tasha don bai yarda a sa ta a but ba. Ya sauka wurin wani ɗan unguwarsu a Agege, inda Hausawa suke da yawa kuma ba zai biya kuɗin ɗaki ba. Wurin taron kuma yana can ɗaya gefen birnin. Ranar farko cunkoso ya riƙe shi har aka gama jawaban safe. Rana ta biyu ya fita bayan sallar Asuba, ya isa a gajiye.

Ya tafi da kati 100 masu sunansa da lambarsa da ya buga a Sakkwato, ya raba 60. Duk wanda ya tsaya masa sai ya miƙa masa waya ya ce ya gwada. Mutane sun yi masa kara, sun ce ya yi ƙoƙari, wasu sun yi mamakin jin cewa daga Sakkwato yake. Amma waɗanda suka san harkar tambayoyi iri ɗaya suke jefo masa: mutum nawa suka sauke, cikinsu nawa suka dawo washegari, nawa suka kai kwana bakwai, nawa suka kai talatin. Waɗannan su ne ma'aunin da masu tallata wasannin waya suke duba kafin su saurari komai. Ba shi da amsa ko ɗaya, domin wasan bai taɓa hawa Play Store ba, kuma abin da aka tura ta Xender ba ya barin sawu.

Bayan ya dawo ya aika wa mutum 25 saƙo. Huɗu suka amsa. Biyu daga cikinsu gaisuwa ce kawai. Sauran biyun matasa ne irinsa, ɗaya mai zane daga Ibadan, ɗaya mai haɗa sauti, suka buɗe ƙaramin zaure a WhatsApp. Tafiyar ta cinye ribar wata biyu ta aikin shago.

Janairu zuwa Yuli 2023: wasan sa'a 48, da tafiyar Abuja

Akwai wani taro da ake kira Global Game Jam, wanda aka fara a 2009. A ƙarshen Janairun kowace shekara ake ba da take guda, masu haɗa gem a faɗin duniya su kasu ƙungiya-ƙungiya su ƙera wani abu cikin sa'a 48. Taken 2023 kalma ce da ke nufin saiwa, ko tushe. Lokacin ya zo daidai da ƙarancin takardun naira, ga layi a bankuna, ga ciniki ya tsaya a shago, don haka maganar tafiya ba ta taso ba. Su ukun suka haɗu ta intanet, kowa daga garinsu.

Da ake neman abin da za a yi da wannan take, shi ne ya ambaci dara. Abokan nasa ba su taɓa jin ta ba. Ya zana musu gurabu 30 a takarda, layi biyar gida shida-shida, ya ɗauki hoto ya tura. Cikin kwana biyu suka fitar da wani abu mai kama da dara, mutum biyu na bugawa a waya ɗaya. Da aka gama ya ajiye shi a wani lungu na kwamfuta ya koma kan ɗan kabu-kabunsa. Na tambaye shi dalili a lokacin, ya ce: "Malam, wa zai zuba kuɗi a wasan tsofaffi?"

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin mota ya tashi nan take. Duk da haka a Yuli ya tafi Abuja wani taron matasan fasaha da ya gani an tallata. Can ya tarar magana duk a kan manhajojin tura kuɗi ce da na kasuwanci. Babu wanda ya zo don wasanni. Ya kwana biyu ya dawo da riga mai tambari da hotuna.

Oktoba 2023: teburin da aka sayar da babur dominsa

A tafiya ta uku, wadda ta mayar da shi taron Legas, ya ce ba zai sake yawo da waya a hannu yana tare mutane ba, tebur zai kama. Kuɗin tebur, da buga allon talla, da mota, da abinci sun fi ƙarfin aljihunsa, sai ya sayar da babur ɗinsa. Kawunsa bai so ba, amma bai hana ba.

A wannan karon hirar zauren taron duk a kan Unity take. A Satumbar shekarar kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowace saukewa idan wasa ya wuce wani mataki na ciniki. Ƙananan masu haɗa gem irinsa ba su kusa da wannan mataki, kuma daga baya, a Satumbar 2024, kamfanin ya janye tsarin gaba ɗaya. Amma a lokacin hankali ya tashi, kowa yana maganar Godot, manhajar kyauta da ba ta da mai ita. A wurin ne wani ya zauna da shi rabin sa'a ya nuna masa yadda ake fitar da wasan Android da ita, ya kuma ga tana gudu a tsohuwar laftof ɗinsa ba tare da ta yi nishi ba.

Mutane biyu ne suka tsaya a teburinsa tsayuwar da ya riƙe. Na farko wani mutum ne mai faɗa da cika, ya ce yana da masu zuba jari, ya karɓi lambarsa, ya ce ya shirya takardu. Wata uku yana shirya takardu yana aikawa. Daga baya shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ta biyu wata mata ce daga wani ƙaramin kamfanin tallata wasanni. Ta buga ɗan kabu-kabun bai fi minti ɗaya ba ta ajiye. Ta gaya masa gaskiya cewa irin wannan wasan gudu akwai dubbai a kasuwa, waɗanda kamfanoni masu ma'aikata ɗaruruwa suka yi, kuma kyauta ake sauke su. Ta tambaye shi ko yana da wani abu dabam. Da ƙyar, don kunya, ya buɗe mata darar nan ta sa'a 48. Ta ja kujera ta zauna. Sun yi kusan minti ashirin suna bugawa, yana koya mata. Da za ta tashi ta yi masa tambaya ɗaya: su wa ke buga wannan a garinku, kuma sun gwada naka? Ya ce ba su gwada ba. Ta ba shi katinta ta ce idan sun gwada ya neme ta.

Bai neme ta ba a lokacin. Hankalinsa yana kan mai alkawarin jari.

Yuni zuwa Agusta 2024: neman biza

Da alkawarin ya bi ruwa, sai ya ɗauka cewa Legas ce ta yi masa kaɗan. Ya nemi gurbi a wani taron masu haɗa gem masu zaman kansu a wata ƙasar Turai, aka kuwa aiko masa da takardar gayyata. Tikitin shiga kyauta ne, amma jirgi da masauki nasa ne.

A nan ne kuɗi suka zube sosai. Tun farkon shekarar dala ta haura naira 1,500. A watan Yuni kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ya tashi daga yuro 80 zuwa 90, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, da inshorar lafiya ta tafiya, da takardar ajiye kujerar jirgi da ta otal. Babu inda ake ɗaukar hoton yatsu a Sakkwato, dole ya sake yin doguwar tafiya don wannan kaɗai. Ana kuma son bayanan asusun banki na watannin baya. Cinikin shago yawanci hannu da hannu ne, asusunsa ba ya nuna komai, sai mahaifiyarsa ta ɗauki kwasar adashinta ta ba shi ya zuba. Kuɗi masu kauri da suka faɗo asusu rana ɗaya, ana saura kwanaki a miƙa takardu, ba sa taimakon mai neman biza. Wannan bai sani ba, ni ma da ya yi shawara da ni ban hango ba, kuma har yau abin yana damuna.

Bayan mako uku fasfo ya dawo da takarda mai layukan dalilai, an yi alama a biyu: ba a gamsu da hanyar samun kuɗinsa ba, ba a kuma gamsu zai dawo ba. Kuɗin biza ba a mayarwa. Da ya lissafa, kusan rabin adashin ya tafi.

Ya gaya mini yadda suka yi da mahaifiyarsa a daren. Ya durƙusa ya ce: "Inna, ki yi haƙuri, kuɗinki sun salwanta." Ta ce: "Kuɗi ba su salwanta ba tunda kana da rai. Amma ka faɗa min, wanga abu da kake ta kai ma mutanen nesa, mu nan gida ba mu iya ganin shi?" Ya ce bai sami abin da zai ce mata ba.

Satumba 2024 zuwa Maris 2025: zaman gida

Ya ɗaura wa kansa sharaɗi cewa ba zai sake shiga mota don taro ba sai ya biya bashin Inna ko ya sami amsar tambayar matar nan. Ya ajiye ɗan kabu-kabu, ya sake gina darar daga tushe da Godot.

A bakin wata kwana kusa da unguwarsu akwai dattawan da ke zama gindin dogon yaro bayan La'asar. Gurabunsu a ƙasa suke, an haƙa su da yatsa har sun yi santsi, ɗaya na wasa da tsinke ɗaya da tsakuwa, 'yan kallo sun yi da'ira kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Tun yana yaro yake wuce su. Ranar da ya je da waya, ya gaishe su, ya tsuguna a gefe har aka tashi wasa, sannan ya miƙa wa mafi tsufansu. Dattijon ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya dangwala yatsa sau biyar ko shida, ya mayar masa.

"Yaro, wa ya koya ma dara?"

"Baba, gani nake yi kawai."

"To wanga abu naka bai san dara ba. Ba a jera ukku tun ga zubi. Kuma in ka jera huɗu ba ka ci komi ba."

Gaskiyar dattijon ce. A dara kowa yana da 'ya'ya 12. Ana fara zuba su ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba. Sai an gama zubi ake fara tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a ratsa kwana. Wanda ya jera uku cif a layi ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasa. Wasan da suka haɗa cikin sa'a 48 ya karya biyu daga cikin waɗannan ƙa'idoji, kuma a Legas babu wanda ya lura, domin babu wanda ya san dara. Wannan wasa mai kuskure shi ya nuna wa matar nan har ta zauna minti ashirin.

Ya yi mako shida yana zuwa gindin bishiyar da littafi. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne koya wa kwamfuta yin zubi. Gwanayen dara tun a zubi suke cin wasa: suna dasa 'ya'yansu yadda daga baya ɗa guda zai riƙa fita yana komawa, kowace komawa ta rufe uku. Kwamfutarsa ta farko zubi take yi barkatai, dattawan suna cinye ta suna dariya. Sai da ya zauna suka nuna masa irin zubin da suke gudu da irin wanda suke nema, ya mayar da su lissafi, kafin ta fara ba su wuya. Ranar da ta ci ɗaya daga cikinsu, sauran sun yi masa tsiya har aka kira Magariba.

Daga wurinsu da kuma abokan cinikin shago ya tattaro sauran gyare-gyare. Wasan ya yi aiki ba tare da data ba. Girmansa ya sauko daga kusan megabayit 100 na wasan farko zuwa ƙasa da 30, saboda yawancin wayoyin da ake kawowa shago a cike suke. Gurabun su yi girma don yatsun manya. A sa murya da Hausa mai faɗin wanda ke da wasa, domin ba kowa ke karanta boko ba. Mai zanen nan na Ibadan ya zana ƙasa da tsinke da tsakuwa daga hotunan da ya tura masa.

Hawa Play Store ma sai da ya sha fama. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, amma a lokacin yawancin bankuna sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai da ya bi ta wani abokinsa mai asusun dala. Sannan tun Nuwambar 2023 Google ya sa wa sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane sharaɗin gwaji na rufe: mutum 20 su riƙe manhajar kwana 14 a jere kafin a nemi izinin sakinta ga kowa. A Disambar 2024 aka rage adadin zuwa 12, amma shi a kan 20 ya faɗa. Kowane mai gwaji sai da adireshin Gmail, ga shi da yawa a shago aka buɗe musu, ba su san lambar sirrinsu ba. Ya bi su ɗaya-ɗaya har ya haɗa 26: 'yan kasuwar waya, 'yan kabu-kabu, ɗalibaina huɗu, da jikokin dattawan nan da ke riƙe musu waya.

Ya fara gwajin a tsakiyar Oktoba. Ana cikin haka layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama har da Sakkwato suka shiga duhu fiye da mako guda. Wayoyi suka mutu, masu cajin kuɗi suka cika maƙil, wanda ya samu caji kuma ba zai ƙona shi a gem ba. Da wuta ta dawo ya duba alƙaluman ya ga ba su nuna komai ba, sai ya sake sabon zagaye a Nuwamba. A wannan karon, cikin 26, mutum 17 suna buɗe wasan har ranar ƙarshe. Ya sake shi ga kowa a farkon 2025. Daga nan zuwa shigowar zafi, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40 har laftof ta riƙa kashe kanta da rana, aikinsa ya koma bayan Asuba da tsakar dare.

Tsakiyar 2025: tafiya ta huɗu

Wannan karon shirin ya fara mako uku kafin ya taka tasha. Ya samo jerin waɗanda za su halarci taron na Legas, ya zaɓi biyar, ya rubuta wa kowannensu saƙo gajere yana neman minti goma sha biyar a rana kaza. Cikinsu har da matar nan, wadda ya tuna mata da tambayarta ta 2023. A kowane saƙo ya haɗa bidiyon minti ɗaya na dattawan suna buga wasan a waya, da izininsu, ga gurabun ƙasa a gefe. Ya tura wa masu shirya taron bidiyon, ya faɗa musu nisan da zai taho, ya roƙi tebur. Suka ba shi rabin tebur kyauta. Bai sauka Agege ba, suka haɗa kuɗi da mai zanen suka kama ɗaki ɗaya da za a iya takawa zuwa zauren. Kati 20 kawai ya buga.

Uku cikin biyar suka ba shi lokaci. Bai nemi jari wurin kowa ba. Ya nuna shafin alƙalumansa, ya faɗi irin wayoyin da masu wasansa ke riƙewa, ya yi tambaya a kan yadda ake sa talla a wasan da yawanci ake bugawa ba data.

Matar ta ce kamfaninsu ba zai ɗauki darar ba tukuna, masu saukewa ba su kai yawan da suke nema ba. Amma ta haɗa shi da wani kamfanin da ke son shigar da wasanninsa Arewa da Nijar, ba su da mai mayar musu da rubutu da murya zuwa Hausa, ba su kuma da inda za su gwada a kan ƙananan wayoyi da intanet mai rauni. Shi kuwa yana da mutum 26 da suka riga suka saba da gwaji, da shagon da kowace irin waya ke shigowa. Suka ƙulla kwangilar wata shida, ana biyansa duk wata, yana ba masu gwajin ladansu.

Abin da na fahimta

Tafiyoyi uku na farko da neman bizar sun gaza cimma abin da aka fita nema, kuma dalilin ɗaya ne. Ya riƙa ɗaukar kaya zuwa kasuwar da ta fi shi irin kayan, ba tare da shaidar cewa wani ya taɓa so ba. Wasan gudu na ɗan kabu-kabu kwaikwayo ne da aka sa wa hula. Duk wanda ke zauren ya ga ɗari irinsa. Abin da zauren bai da shi, wato dara da masu buga ta da sanin wayar talakan Arewa, yana nan a bakin kwanar unguwarsu, ya yi shekara biyu yana tsallake shi. Neman biza kuwa kuskuren lissafi ne tsantsa: mai sana'ar hannu da hannu, marar rajistar kamfani, marar tarihin fita waje, bai kamata ya jefa kuɗin aro a abin da ba a mayarwa ba. Da ya fara gyara asusunsa shekara guda kafin nan, da wata magana ce.

Sai dai ba na tare da masu cewa da ma bai fita ba. Mai zanen da mai sautin daga tafiyar farko suka fito, kuma ba don su ba da babu wasan sa'a 48. Godot da tambayar da ta juya masa tunani daga ta uku suka fito. Tafiyar Abuja ce kaɗai zan ce asara ce zalla, ita ma don bai binciki abin da za a tattauna ba kafin ya biya kuɗin mota. Abin da ya bambanta ta huɗu shi ne ya san wanda zai gani, ya san abin da zai tambaya, kuma yana riƙe da abin da ba a iya samu a Legas.

Akwai kuma ɓangaren da ba laifinsa ba ne. Ɗan Legas zai shiga bas ya leƙa taro goma a shekara, tara su tashi a banza, bai yi asarar komai ba sai yini. Ɗan Sakkwato kowace leƙawa kwana biyar ce da ribar wata biyu, ga hatsarin hanya. Ba shi da damar koyo ta hanyar yawan kuskure. Ina ganin masu shirya irin waɗannan taruka, idan da gaske suke cewa na Najeriya ne, ya kamata su ware tebura da ɗan kuɗin mota ga masu tahowa daga nesa tun a sanarwa, ba sai wanda ya yi ƙarfin halin roƙo ba.

Darar har yanzu ba ta ciyar da shi. Kuɗin talla a kan masu wasa na Najeriya kaɗan ne, kuma yawancin masu bugawa data a kashe suke yi. Kwangilar ce ta biya bashin Inna, a biya huɗu. Babur bai dawo ba tukuna. A Janairu mai zuwa yana son mu buɗe wurina kwana biyu don wasan sa'a 48, ɗalibai bakwai sun riga sun rubuta suna, kuma muna lissafin litar man da janareta zai sha.